Waya Sabuwa Ta Faskari Ɗan Faskari

Zuwa ga Ɗan Gwaggo, bawana na gado,

Gaisuwa daga zaune, irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa. Ina fatan Gwaggo tana lafiya, da mutanen gidanka, da buhunan masarar nan da ka jibge a ɗaki kana jiran farashi ya tashi, ƙwari kuma suna taya ka jira. Labarinka ya riga ka isowa Ƙanƙara. An ce ka fitar da buhu uku, ka hau mota zuwa Funtuwa, ka dawo da babbar waya mai shafe-shafe, faɗinta kamar allon almajiri. Tsohuwar raka-ni-kashin nan taka, wadda aka ɗaure bayanta da roba tun zamanin mulkin 'Yar'aduwa, ka yi mata ritaya ba fansho ba garatuti. Na yi murna ƙwarai, domin abin bawa na ubangidansa ne. Ke nan ni na yi sabuwar waya, kai kuma kana riƙe mini.

Abin da ya rage mini murnar shi ne abin da ya faru a Sabuwa. Kwana biyu da sayen waya sai ga ka da son zumunci, ka tuna kana da surukai, ka zuba babbar riga ka tafi gaisuwa. Ka durƙusa gaban surukarka, wayar tana aljihun gaba inda kowa zai hango ta, sai kawai wata Baturiya ta kama surutu daga ƙirjinka. Ka taɓa nan ta yi magana, ka taɓa can ta ƙara. Tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "Malam, da baƙuwa kuka zo?" An ce har a'uziyya ka yi ka tofa wa wayar. Ka ga ikon Allah: waya sabuwa, a garin Sabuwa, ta faskari ɗan Faskari.

To, ba aljana ba ce. Sunanta TalkBack, domin makafi aka yi ta, tana karanta musu duk abin da yatsa ya sauka a kai. A wayoyi da yawa, in aka danne maɓallin ƙara murya da na ragewa tare har daƙiƙa uku sai ta farka, kuma abin da matsin aljihunka ya yi ke nan garin durƙuso. Haka za ka sake danne su ta koma barci. Wannan darasin farko ne. Tun da watan cika-ciki na tafe, kuma na san za ka zo da tsintsiyarka neman kuɗin shara, na yanke shawara bana in biya ka da ilimi. Ka riƙe takardar nan da kyau, ita ce shararka.

Abin da za ka fara ganewa shi ne waya akuya ce. In ka ɗaure ta, ta ba ka nono da taki. In ka sake ta, ta shiga rumbunka ta ci, ta tsallaka gidan maƙwabta ta jawo maka magana. Turkenta yana cikin alamar nan mai kama da haƙoran injin niƙa, wadda yara ke kira saitin. Kai ko sau ɗaya ba ka taɓa leƙawa ciki ba, kana tsoron kada ka ɓata wani abu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Mu fara da abin da ya fi yi maka ciwo, wato kuɗi. Ka yi mini kuka cewa ka sa data da safe, kafin azahar ta ƙare, ka rantse sace maka ake yi. Tsada kam ta ƙaru, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Amma ɓarawon naka yana cikin gida. Guruf nawa kake ciki a WhatsApp? Na 'yan masara, na dangi, na siyasa, na wa'azi, har da na tsofaffin ɗaliban ajin da ba ka gama ba. Hoton da aka jefa a kowanne, wayarka tana kwasowa ba ta tambaye ka ba, in aka ba ta dama har bidiyo. Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga saitin, nemi sashen ma'aji da data, ka cire alamar da ke kan hoto da sauti da bidiyo da takardu. Daga ranar sai abin da ka taɓa da yatsanka zai sauka. In Turancin ya tsaya maka a maƙogwaro, akwai wajen zaɓen harshe, kuma Hausa na ciki. Facebook ma tun 2016 yake jin Hausa. Shi kuma ka hana bidiyo tashi da kansa, ko ka sauke ƙaninsa Facebook Lite, wanda cinsa bai kai na yayan ba.

Akwai kuma masu ci a ɓoye. Play Store yana iya sabunta manhajoji kana barci, ka umarce shi kada ya yi sai a kan wayfai. A cikin babban saitin, sashen sadarwa, akwai maɓallin tsimin data, wanda ke hana manhajoji shan data alhali ba ka buɗe su ba. A nan kusa akwai wajen da za ka yanka wa wayar iyaka, in ta kai ta yi maka gargaɗi ko ta tsaya cak, kamar yadda kake auna wa gida hatsi. Sai batun yaran da ke taruwa bayan tagarka kullum da dare, har kana gaya wa mutane kana da farin jini. Ɗan Gwaggo, ba kai suke so ba. Yaron da ya ce "Baba, kawo in saita maka" shi ya kunna hotsifot ya tafi da lambar. Datarka suke kallon ƙwallo da ita. Ja labulen wayar daga sama ka kashe shi, ka kuma canza lambar sirrinsa. Za ka ga yadda farin jininka zai koma yadda Allah ya halicce shi.

Ga wasu lambobi, ka rubuta su a bangon shago kusa da sunayen masu cin bashi. Tun Mayun 2023 aka haɗe su, kowane layi iri ɗaya. *310# zai nuna maka kuɗin da ke layinka. *311* da lambar kati da # shi ne sa kati. *312# sayen data, *323# duba ragowarta. *303# na rancen kati ne, wannan na san ka haddace tun kafin a sanar. In ka ga ana zarar naira ashirin, naira hamsin kullum da sunan wata waƙar kira ko labarin wasanni da ba ka tuna ka nema ba, *305# shi ne ƙofar dakatar da su. Saƙonnin talla da ke tashe ka da tsakar dare, rubuta STOP ka aika zuwa 2442, kyauta ne. In kana da ƙorafi ka kira 300, in ba a share maka hawaye ba ka kai ƙara NCC a 622. Wannan ya fi tsayawa a majalisar mai shayi kana tsinuwa, shayinka yana hucewa.

Yanzu bari in ajiye wasa na ɗan lokaci, domin ni da kai mun ga abin da mutanen Legas ba su gani ba. A Satumbar 2021, kwanaki kaɗan bayan an katse layukan Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce a zagaya ta Funtuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Watanni muka yi waya tana hannu kamar dutsen guga. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi, kamar zamanin kakanninmu. Wanda ya rayu cikin wannan bai kamata ya riƙe waya da sakaci ba, ya san ranar da babu sabis da babu caji ba tatsuniya ba ce.

Saboda haka ka koyi tattalin batir. Inda sabis ke da rauni, waya tana ta ƙwala wa ƙarfen sabis kira, wannan wahalar ce ke zuƙe cajin. In ka shiga gona inda ka san babu ko sanda ɗaya, taɓa alamar jirgin sama, ta huta, ka buɗe ta in ka fito. In sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa kuma kira kawai kake bukata, shiga sashen layi ka mayar da ita 2G, sau da yawa ya fi kamawa a ƙauye, in ka dawo gari ka koma 4G. Inda kira ya ƙi shiga, gajeren saƙo yakan sulale ya wuce, domin ɗan lokaci kaɗan yake bukata. Rage hasken fuskar wayar, shi ne babban mashayin batir, ba sai ta haska unguwa ba. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suna da yanayin matsanancin tsimi, wanda ke rufe komai ya bar maka kira da saƙo, ɗan cajin da ya rage ya kai ka gida. Kuma batir ba ya shiri da zafi. Ka daina ajiye ta a gaban mota cikin ranar bazara, ka daina cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji. Mu mutanen Ƙanƙara mun san darajar sanyi, sunan garinmu ma ya isa shaida.

Akwai abubuwan da ke aiki ko an katse layi. Rediyon da ke cikin wayar ba ya shan data, sai dai a yawancinsu sai ka soka iyafis, domin igiyar ita ce eriyarsa. Taswirar Google Maps kana iya sauke yankinmu gaba ɗaya ka ajiye, daga Sheme zuwa 'Yankara, daga Daudawa zuwa Ɗandume, kuma ɗigon da ke nuna inda kake da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ruwansa da kati. Karatun Alƙur'ani da tafsiri ka sauke su a memori tun da sauran sabis. Xender da Bluetooth kuwa tsakanin waya da waya suke, ko naira ba sa ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu koma kan abin kunyarka na biyu, wanda Faskari ba za ta manta ba. Ranar Juma'a, liman ya kai raka'a ta biyu, sahu ya yi tsit, sai ga kiɗan fim ɗin Indiya daga sahun gaba. Ka yi kamar ba kai ba, har kana harara ta gefen ido, alhali aljihunka ne ke walƙiya. Akwai saiti mai alamar jinjirin wata ko da'ira mai tsaga, aikinsa hana damuwa. Kana iya tsara masa lokaci, ya rufe bakin wayar da kansa a lokacin kowace salla, ya buɗe bayan an sallame. Kana iya ware lambar Gwaggo ta riƙa shigowa ko da dare ne. In kuma ta riga ta fara kuka, danna maɓallin murya sau ɗaya, za ta yi shiru ba tare da ka katse mai kira ba. Sannan don Allah ka canza kiɗan. Mai furfura a gemu bai dace da shi ba.

Sai rubutunka. Kwanan baya ka turo mini cewa, "kura ta hana mu fita kasuwa." Na karanta wa mutanen gida, aka shiga salati, ana tambayar ko daga dajin Rugu ta fito. Ashe ƙura kake nufi, ta hunturu. Wata rana ka ce "baki ya cika gida," na rasa ko baƙi ne ko tsegumi, ko da yake a gidanka duka biyun suna yiwuwa. Mafi muni, kana rubuta sunan garinmu kamar kankarar ƙanzo a gindin tukunya. Ƙanƙara ce, mai lanƙwasa biyu, ka girmama garin iyayen gidanka. Madannin Gboard yana da Hausa. Shiga saitinsa, ƙara ta cikin harsuna, sai ɓ da ɗ da ƙ su samu, kuma ya daina mayar maka da kalmomi Turanci da ƙarfin tsiya. Na kuma lura kana miƙe hannu har ƙarshe kafin ka karanta saƙo, kana cewa rana ce. Ba rana ba ce, shekaru ne. A sashen fuskar waya akwai wajen ƙara girman rubutu, ba wanda zai sani sai ni, ni kuma ga shi na rufa maka asiri a jarida. Saƙon muryarka mai minti tara kuwa, wanda rabinsa gaisuwa ce da tari, ina sauraronsa a ninki biyu na sauri. Akwai maɓallin a gefen saƙon, kai ma ka yi wa masu irin halinka.

Yanzu ga abin da nake so ka buɗe kunne. Wata rana wani zai kira ka da murya mai daɗi, ya ambaci sunanka da na guruf ɗinku. Zai ce ana rabon taki, ko tallafi, ko za a yi taro ta waya, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa domin a sa sunanka. Waɗannan lambobi shida su ne makullin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa ya ɗauke shi zuwa wayarsa, ya shiga bin 'yan'uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, yana neman rancen gaggawa. Ni dai ba zan gane bambanci ba, tun da kai ma aikinka ke nan, sai fa in ya ce zai biya gobe, nan zan san ba kai ba ne. Maganin yana cikin saitin WhatsApp, sashen asusu: tabbaci mai mataki biyu. Za ka zaɓi wata lamba shida ta kanka, wadda ba a turo ta ta saƙo, ko ya samu ta farko sai ya ci karo da ta biyu. Kada ka sa 123456, kada ka sa shekarar haihuwarka, ko da yake wannan kai ma ba ka tsayar da ita ba. Leƙa kuma sashen na'urorin da aka haɗa, in ka ga wata kwamfuta da ba ka sani ba, kore ta. A sashen sirri ka hana baƙi jefa ka guruf ba izini. Dokar dai ɗaya ce: lambar da ta shigo wayarka, ko ta banki ko ta mene ne, ba a karanta wa kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarta.

Na ga ka sa wa fuskar wayar zanen yatsa mai siffar harafin L, wanda maiƙon tsire ya bar sawunsa a gilashi. Canza shi zuwa lamba. Amma mai ƙwacen waya na yanzu ba wayar ce kaɗai ta dame shi ba, sim yake so. Zai zare shi ya sa a ƙaramar waya, kuma layin nan shi ke haɗe da bankinka da BVN da NIN, ta kansa saƙon banki ke shigowa. Kafin ka gama salati an fara taɓa kuɗin masara. Shi ya sa ake kulle sim ɗin kansa. A sashen tsaro akwai makullin sim, lamba huɗu zuwa takwas, duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Amma ka yi hattara, kada ka yi ta cinke irin naka: kuskure uku yana rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, ita kuma in aka yi kuskure goma layin ya mutu sai an sake yanko shi. Nemo katin nan tukuna, ko ka je ofishinsu. Ka kuma tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka haddace ta kamar sunan 'ya'yanka.

Danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayarka kamar tsagen da ke kunnen saniya. Rubuta ta a takarda ka haɗa da rasit, ita za a nema in ka kai rahoto. Lambobin mutane kuma ka daina tara su a sim ko a cikin wayar, ajiye su a asusun Google, in waya ta tafi su ba su tafi ba. Da wannan asusun ne za ka iya hango inda take daga wata wayar, ka sa ta ƙara, ka kulle ta, ko ka goge komai, muddin tana kan layi. Wato adireshin Gmail da lambar sirrin da yaron shago ya buɗe maka a Funtuwa, ya rubuta a bayan kwali ka yar, su ne rabin wayar. Nemo su ka canza. In kuma kana zargin an karkatar da kiranka zuwa wani layi, ##002# yana warware duk wata karkatarwa.

Manhajojin bashi na "karɓi yanzu-yanzu" ka yi nesa da su. In da kwaɗayi, da wulaƙanci. Abin da ya sa suke neman izinin shiga lambobinka shi ne ranar da ka makara su aika wa surukanka na Sabuwa cewa kai maƙetaci ne. Abin ya yi muni har Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotunan mutane a Najeriya tun Mayun 2023, amma waɗanda ake turowa ta bayan gida ba ruwansu da doka. Duba sashen izini ka ga wa ka ba kunnenka da idonka. Tocila ba ta da abin yi da lambar Gwaggo. Sannan in wani ya ce ara mini in yi kira, akwai saiti a sashen tsaro da ke kafe manhaja ɗaya a fuska, ba ya iya fita zuwa hotuna ko saƙonni sai da lambarka. Wannan bai shafe ni ba. Ubangida ba ya neman izini.

Akwai ɗabi'arka ɗaya da babu saitin da ke gyara ta sai kai. Duk abin da ya shigo sai ka tura, da taken "a yaɗa saboda Allah." Ka tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, kai kuma ka ƙarar da gishirin Gwaggo na wata guda. A yankinmu abin ya fi haka nauyi. Saƙo ɗaya na "ga su nan sun shigo," da tsohon bidiyon wata ƙasa, ya isa ya watsa kasuwa, a tattake yara, a bar dukiya a ƙasa. Kuma in ƙarya ta yi yawa, ranar gaskiya ba mai motsawa. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, WhatsApp yana gaya maka ya bi hannaye da yawa, ba a san mafarinsa ba. Kira mutumin garin ka ji daga bakinsa kafin yatsanka ya yi aiki.

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kai mutum ne mai bin hanya, yau Sheme, gobe Ɗandume, jibi Sabuwa, wani lokaci har magariba ta same ka. In za ka taso, buɗe hirarmu a WhatsApp, taɓa alamar maƙala abu, zaɓi wuri, ka kunna mini sawunka kai tsaye. Yana ba da zaɓin minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ni kaɗai za ka tura wa, ba guruf ba, kuma ka daina ɗora hoton buhuna da na kuɗi a sitatus, ba kowane mai kallo ne masoyi ba. A yawancin wayoyin yanzu, danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana kiran lambar gaggawa, 112 ce ta ƙasa kuma kyauta ce, wasu har saƙo suke aika wa mutanen da ka zaɓa tare da inda kake. Shiga ka saita shi tun yanzu, ka kuma kashe jiniyar da ke tare da shi, domin akwai wurin da ƙara ba taimako ba ce. A nan ne kuma ake rubuta bayanin gaggawa, wanda ko waya na kulle mai taimako zai gani: sunanka, rukunin jininka in ka sani, da lambar wanda za a kira. Raka-ni-kashin nan ma ka dawo da ita bakin aiki. Cajinta yana kwanaki, ba ta jan ido, ita ce abokiyar tafiya.

A wajen wanda za a kira, sa lambata. Watannin nan da aka katse layi, ba ka san sau nawa na ɗaga waya in tsokane ka na tuna babu hanya ba. Kowace mota ta taso daga wajenku sai na je tasha na tambayi direba ko ya ga wani mai babban ciki da hula a karkace. Da aka ce an gan ka a Mairuwa kana ciniki, tuwo biyu na ci a daren. Bawa dukiya ne, Ɗan Gwaggo, ba a son ya ɓata.

Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta yana nan yana ta fama da tarbiyyar ɗanta. In ka gama karantawa ka turo mini amsa a rubuce, da ƙ da ɗ a wurarensu, in san karatu ya shiga. Filashin kuwa, ko sau goma ka yi, ba zan kira ba.

Ubangidanka,
Ɗan Kawu, daga Ƙanƙara.